Layi Na Biyar a Katin Mariƙin Tulu

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina rubutu a irin wannan littafi, ban kuwa taɓa zama da alƙalami a hannu na rasa ta inda zan fara ba sai yau.

Makarantar Littafi Mai Tsarki, inda na koyar shekara talatin da takwas kafin in yi ritaya, za ta kwashe laburarenta zuwa sabon gini. An ba 'yata Auta aikin shigar da kome a kwamfuta, har da kayan da ke cikin kabad ɗin gilashi na ajin tarihi. Kayan ba su da yawa: fitilun yumɓu biyu, kan kibiya ɗaya, tsingaro kaɗan, da mariƙin wani tsohon tulu mai hatimi a jikinsa. Malamina ne ya zo da su daga ƙasar da Littafi ke ba da labarinta, inda ya yi shekara biyu yana aikin tono. Da tsufa ya cim masa ya bar mini su, kowanne da katin bayaninsa.

Ina zaune a teburin cin abinci Auta ta shigo da akwatin katunan. Ta zaro guda biyu ta ajiye a gabana, gefe da gefe. Ɗaya da rubutun hannuna. Ɗayan da rubutun Malamina, ruwa ya taɓa shi har ya canza launi.

Ta ce, "Baba, wannan a can ƙasan akwatin na same shi, ya manne da kwali."

Na ce, "Tsohon kati ne. An sake su duka tun ba a haife ki ba."

"Wa ya sake su?"

"Kin san rubutun."

"Na Malaminka layi biyar ne, Baba. Naka huɗu."

Na ce ta miƙo mini tabarau. Yana kan hancina. Ta dube ni, ta dubi katunan, ta shige kicin wurin uwarta.

Ba a jima ba maiɗakina ta fito tana goge hannu, ta ce matar abokina Maƙeri ta yi waya. An kwantar da shi a asibiti tun Asabar, huhun ne kuma. Ya ce a gaya mini in je, in kuma tafi masa da mariƙin.

A rana ɗaya. Ya Ubangiji, a rana ɗaya.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Katunan suna nan inda ta ajiye su. An kewaye su aka jera kofunan shayi.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je asibiti. Ban tafi da mariƙin ba.

Ya kamata in rubuta ko wane ne Maƙeri, ko da yake wannan littafi ya san shi. Ba maƙerin ƙarfe ba ne. Haƙoran roba yake yi, a wani ƙaramin shago mai warin magani kusa da kasuwa. Ni na laƙa masa sunan ranar da na je ya yi mini haƙora biyu na gaba, shi kuma ya rama da kirana Mai Tulu. A lokacin bai yarda da kome ba. Yana ɗaukar awon bakina yana ce mini Littafin da nake koyarwa tatsuniyar tsofaffi ce, ni kuwa baki a buɗe, ba damar amsa. Na ce ya zo gida ranar Alhamis da ƙarfe huɗu in ba shi amsa da baki a rufe. Ya zo. Ya yi ta zuwa shekara shida, muna gardama har shayi ya huce.

Maganarsa ɗaya ce kullum: "Ni mutumin hannu ne, Mai Tulu. Abin da ban taɓa ba, ban san shi ba."

Wata Alhamis, yau shekara ashirin da shida, na kai shi ajin tarihi, na buɗe kabad, na ɗora masa mariƙin a tafin hannu. Na gaya masa abin da nake gaya wa kowane sabon aji a makonsu na fari, sa'ad da mariƙin ke zagawa daga hannu zuwa hannu: "Wannan da ke hannunka, daga ƙarƙashin ƙasa aka tono shi. Hatimin da ke jikinsa na wani sarkin Yahuza ne, wanda Littafi ya ba da labarinsa. Yatsan maginin ya taɓa daidai inda naka yake yanzu."

Ya daɗe yana jujjuya shi. Ya mayar mini, ya tafi. Wata uku ban gan shi ba. Bayan shekara ɗaya da rabi aka yi masa baftisma, ni na riƙe masa tawul.

Yau na same shi a gadon ƙarshe kusa da taga, da roba a hanci. Ya rame har na fara gane shi da murya kafin fuska.

"Mai Tulu! Haka ka zo mini, hannu na dukan cinya?"

"Na zo da lemo."

"Lemo na aike ka? Da wane haƙorin? Ni da na cika wa rabin garin nan baki, ga nawa can cikin kofi suna yi mini dariya."

Na ce mabuɗin kabad yana wurin Shugaban makaranta, shi kuwa ya yi tafiya.

Mabuɗin yana aljihuna sa'ad da nake faɗar haka, a jikin zobe ɗaya da na ƙofar gidana. Ba su taɓa karɓa ba da na yi ritaya, ni ma ban mayar ba.

Ya ce, "To, kada Shugaban ya daɗe. Ni ma tafiya gare ni."

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na fito da kujeru biyu baranda kafin in tuna.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Auta ba ta da haƙurin uwarta. Ta tare ni bayan abinci, ta ce ranar Litinin za ta shigar da mariƙin a kwamfuta, wanne kati za ta bi?

Na ba ta labarin shekarar da rufin ajin ya yi yoyo. Ruwa ya shiga akwatin, katunan suka jiƙe. Na yi hutu guda ina sake kwafar su ɗaya bayan ɗaya, da hannuna, ba wanda ya sa ni. Na ce ruwa ya cinye layin ƙarshe na wannan katin.

Ta ɗauki katin, ta je bakin taga, ta karanta da ƙarfi ba ko gargada: "Kwafi ne na filasta, don koyarwa. Na asali yana gidan adana kayan tarihi."

Filasta, farin garin nan da ake kwaɓawa a zuba a mazubi ya daskare. Shekara talatin da ɗaya ban ji waɗannan kalmomi a bakin mutum ba.

Ta ce, "Baba, ni ban ga abin tashin hankali ba. Na asalin yana nan, ba ƙarya ba ne. Irinsa ɗaruruwa aka tono, kai ka koya mana. Sai a rubuta kwafi, shi ke nan."

"Ba abin da na gaya musu ke nan ba."

"To me ka gaya musu?"

"Kin zauna a ajina. Kin riƙe shi."

Can ta ce, a hankali, "Na yi kwana biyu ban so in wanke hannuna ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ba ni zuwa ranar buɗe sabon ginin, ashirin da uku ga wata. Ta ce ba za ta kai maganar gaban Shugaba ba, amma ba za ta buga layi huɗu ba.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je makaranta da sassafe, kafin masu kwasar kaya. Ajin yana nan yadda na bar shi: taswira ta koɗe, allon ya tsage ta gefen dama, benci na uku yana ɗingishi. Na buɗe kabad na ɗauko mariƙin na naɗe a hankici.

Ba shi da nauyi. Bai taɓa yin nauyi ba. Ban san yadda aka yi ɗalibi ko ɗaya bai tambaya ba. Amma wa zai tambaya? Ba su taɓa riƙe na gaske ba, ni kuwa na gaya musu.

Ba na gaya wa kaina cewa na manta. Na tuna ranar sarai. Na kwafi layi na huɗu, na ɗaga alƙalami, na dubi na biyar. Na tuna da ajin da na koyar kafin hutun, yadda fuskokinsu suka yi haske har zuwa lokacin da na ce kwafi ne, sai hasken ya ɗauke kamar an hura fitila, wani a baya ya ce, "Af, ashe siminti ne." Na ce a raina, gaskiyar tana nan ai, na asalin yana nan, me zai ragu? Na ajiye alƙalamin. Na ɗauki kati na gaba.

Ni ne kuwa nake koya musu yadda marubutan dā suke ƙirga haruffa bayan sun gama kwafar Nassi, don kada ko ɗaya ya salwanta. Nakan buga tebur in ce, "Saboda amincin waɗannan mutane ne muke da abin da muke da shi!" Kati ɗaya aka ba ni, mai layi biyar.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An yi wa Maƙeri addu'a a majami'a. Fasto ya ba da labarin yadda ya ba da gaskiya, ya nuna ni da hannu. Kowa ya juyo. Na sunkuya kamar mai tawali'u.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Shugaban makaranta ya zo gida da kansa. Ɗalibina ne a dā, har yanzu ba ya zama sai na ce ya zauna. Yana so in yi jawabi ranar buɗe ginin, tsofaffin ɗalibai za su zo daga ko'ina.

Ya ce, "Malam, kuma a zagaya da mariƙin kamar dā. Ni kaina na yi wa'azi da shi ba iyaka. Nakan ce musu, da hannun nan nawa na taɓa."

Ya ɗaga hannun yana nuna mini.

Na ce zan yi tunani. Auta tana tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu. Ta ajiye shi da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na zauna na tsara dalilai kamar yadda na saba tsara darasi.

In na kai wa Maƙeri mariƙin na yi shiru, zai riƙe shi ya tafi cikin salama, kuma abin da ya gaskata gaskiya ne, ko da abin da ke hannunsa ba shi ba ne. In na faɗa masa, mutumin da ya ce ba ya sanin abu sai ya taɓa, zai ce, to me na taɓa? Zai dubi shekara ashirin da shida ya ga an gina su a kan filasta. Ba shi da sauran lokacin da zai sake gini. Wanda ya sa mutum tuntuɓe a bakin ƙofa, me za a ce da shi?

Haka na rubuta, ya kuma tsaru da kyau. Na karanta sau uku. Kowane dalili yana kare shi ne, kuma kowane dalili, in na duba ƙarƙashinsa, ni yake karewa.

Na yage takardar.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je har ƙofar ɗakin marasa lafiya, mariƙin yana aljihun rigata. Ta gilashin ƙofa na hango matarsa tana ba shi ruwa da cokali. Wata nas ta ce, "Baba, shiga mana, lokacin ziyara bai ƙare ba." Na ce na yi mantuwa a mota. Ba ni da mota.

Na zauna a benci a bakin titi har motoci uku na layinmu suka wuce.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ban je ba.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ban je ba. Na buɗe Littafi don karatun safe, idona yana bin layi, ba abin da ke shiga. Na yi ƙoƙarin addu'a, sai na ji ina shirya jimloli kamar mai rubuta wasiƙar neman uzuri. Ka san ba don kaina na yi ba. Ka san don su na yi. Na tsaya a nan, domin Wanda nake gaya wa yana wurin ranar da na ajiye alƙalamin.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe uku na rana

Matar Maƙeri ta zo. Ba ta karɓi ruwa ba, ba ta zauna ba.

"Malam, laifin me ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini."

"Kullum aka taɓa ƙofa sai ya ɗaga kai. Jiya ya ce in duba ko Mai Tulu ya riga shi ne ba a gaya masa ba. Yana wasa, amma na san shi. Likita ya ce in kira wanda zan kira. Guntun tulu ne fa, Malam! Ba gidanka ya roƙa ba."

Na ce zan zo.

"Yaushe?"

Na ce ba da daɗewa ba.

Ta ce, "Shekara talatin yana shan shayinka yana cewa ba ka iya haɗawa ba, bai taɓa fashin Alhamis ba sai wata ukun can kafin baftismarsa." Ta juya ta fita, maiɗakina ta bi ta har bakin titi. Na ji suna kuka tare.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na ce musu kaina yana ciwo. Sun tafi sujada sun bar ni. Na zauna da mariƙin a kan tebur, ni da shi. A ƙasan hatimin, ta gefen hagu, akwai wani ɗan wuri da launinsa ya fi duhu. Ban rubuta kome a kan wannan wuri ba a littattafan baya. Na duba, babu.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Maiɗakina ba mai yawan magana ba ce. Shekara arba'in da shida muna tare, ban tuna ranar da ta shiga maganar aikina ba. Yau tana ninke kaya a ɗaki, ba ta ko dube ni ba, ta ce:

"Baban Auta, ka tuna shekarar da wani ɗalibi ya yar da mariƙin?"

Na ce ban tuna sosai ba.

"Ka zo da shi gida. Ya ɓantare, farin da ke cikinsa ya fito kamar alli. Ka tambaye ni ina man takalmi, mai ruwan ƙasa. Ni na miƙo maka."

Na ce, "Kin sani ke nan."

"Ban san kome ba. Ni ba malama ba ce. Na dai san ba a shafa wa gaskiya man takalmi."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Na ɗauka gobe za ka gyara. Kullum ina cewa gobe." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Yanzu kuwa goben tana gadon asibiti da roba a hanci. Kai kana tsoron ya rasa bangaskiyarsa. Ni ina tsoron ka rasa abokinka kana bin sa da wannan a aljihu har ƙarshen ranka. Ba zan iya zama da wannan mutumin ba, Baban Auta. Na tsufa."

Talata, 19 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ya Ubangiji, in zai faɗi, kada ya faɗi ta hannuna. In babu makawa, ka ɗora a kaina. Ba ni da wata addu'a.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An ce yau Maƙeri bai gane 'yarsa ba sai da rana ta yi. Gobe Alhamis.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta kome yadda ya faru, ba ragi.

Na isa ƙarfe huɗu daidai. Auta ta raka ni har ƙofa, ina jin don kada in sake yin mantuwa a mota. Matarsa ta gan ni ta tashi ta ba mu wuri. Idonsa a rufe, na yi zaton na makara. Sai ya ce, ba tare da ya buɗe su ba, "Wannan jan ƙafar, na san ta. Shugaban ya dawo?"

"Bai taɓa tafiya ba. Mabuɗin yana wurina."

"Uhm."

Na warware hankicin, na ɗora masa a tafin hannu. Yatsunsa suka rufe a kai. Na ga babban yatsansa yana bin gefensa, sama da ƙasa. Na ga fuskarsa ta saki. Na ce a raina, ga shi, ya sami abin da yake so, tashi ka tafi. Har na dafa kujera.

Na ce, "Maƙeri, ba daga ƙasa aka tono wannan ba. Kwafi ne. Filasta ce aka zuba aka shafa wa launi. Na asalin yana can wata ƙasa, ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Na sani ranar da na ba ka. Na sani tun kafin ranar. Ƙarya na yi maka."

Ina jin ƙarar iskar da ke bin robar. Sai ƙirjinsa ya fara rawa. Na miƙe zan kira nas. Dariya yake yi.

"Zauna, tsohon banza, za ka kashe ni kafin lokaci." Ya yi tari, na ba shi ruwa. "Kawo yatsanka."

Ya kama yatsana ya bi da shi gefen mariƙin. Akwai wani siririn layi, kamar zare a ƙarƙashin fenti.

"Ka ji? Nan ne mazubin ya haɗu. Ga ramukan kumfa nan, uku. Wanda ya zuba wannan bai girgiza mazubin sosai ba, da a shagona ne da na sa ya sake. Mai Tulu, ni da nake zuba filasta tun ina ɗan shekara goma sha bakwai, ni za ka ɗora wa filasta a hannu? Bai kai ga zama a tafina ba na sani."

Da kyar na ce, "To baftismar?"

"Na koma gida da fushi. Na ce yau na kama malamin ƙarya, sai na tona shi a gaban ɗalibansa. Na shiga laburaren gari ina neman abin da zan buge ka da shi. Sai na tarar da hotunan na gaske, rututu. Na ce to, abin gaskiya ne, mutumin ne maƙaryaci. Na ɗauki Littafin naku in ga ko shi ma an shafa masa fenti. Wata uku ina bin sa da yatsa ina neman inda mazubi ya haɗu." Ya numfasa. "Na tarar bai rufa wa kowa asiri ba. Sarakunansa, annabawansa, duk wanda ya yi abin kunya an rubuta, ba a tsallake ba. Na ce wanda ya rubuta wannan ba irin Mai Tulu ba ne."

Wannan ta shige ni, na kuwa cancanta.

"Shekara ashirin da shida. Me ya hana ka gaya mini?"

"Ban taɓa bin mutum gida na cire masa haƙori ba. Sai ya zo da ƙafarsa ya buɗe baki. Kowace Alhamis ina cewa yau zai buɗe. Kai kuwa sai shayi mara daɗi."

"Da ka aiko a kawo maka shi fa?"

"Me zan yi da guntun filasta? Lokacina ya ƙare, kai kuma ba ka da niyya. Na ji tsoro in tafi in bar ka da shi."

Kwana goma sha bakwai ina ɗauke da shi a raina kamar ni ke riƙe da igiyarsa. Ashe shi yake kwance yana riƙe da tawa.

Na yi kuka a gaban mutane, abin da ban yi ba ko ranar da aka binne Malamina. Ya bar ni na gama. Sannan ya mayar mini da mariƙin, ya rufe yatsuna a kai da nasa.

"Kada ka yi murna tukuna. Ni na iya filasta. Yaran nan naka ba su iya ba."

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Maƙeri ya tafi da ƙarfe tara da 'yan mintoci. Matarsa ta ce ya nemi a sa masa haƙoransa tukuna.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na roƙi Auta farin kati da safe. Na kwafa da hannuna daga na Malamina, na ƙirga layukan, na ba ta ta sake ƙirgawa.

Zauren ya cika. Na tsaya da mariƙin a hannun hagu, katin a dama, na karanta daga layi na fari zuwa na biyar. Sannan na gaya musu wanda ya cire na biyar, da shekarar da ya cire, da man takalmin. Na gaya musu na asalin yana nan, shaidarsa tana tsaye, ba ta taɓa bukatar taimakona ba.

Ba wanda ya tafa. Wasu biyu a baya suka tashi suka fita. Shugaba yana zaune a gaba yana kallon tafin hannunsa, bai ɗago ba har na sauka. A bakin ƙofa ya ce, "Malam, me zan gaya wa mutanena?" Na ce, "Abin da na gaya maka. Ka kuma faɗi sunana." Bai raka ni zuwa titi ba. Wannan ne karo na fari.

Ban sani ba ko zai sake zuwa gidan nan.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An binne Maƙeri ranar Litinin.

Auta ta kawo mini rajistar ajin tarihi tun daga shekarar yoyon rufi. Mutum ɗari shida da goma sha biyu suka riƙe shi a hannunsu. Waɗanda suka zo ranar Asabar ba su kai ɗari ba. Ta ce za ta buga wasiƙa ɗaya a kwamfuta a aika wa kowa. Na ce a'a. Da hannu na cire, da hannu zan mayar.

Na fito da kujeru biyu, ba da mantuwa ba. Na ɗora rajistar a kan kujerar Maƙeri. Shekarata saba'in da huɗu, ban sani ba ko zan kai ƙarshen sunayen. Na rubuta goma sha ɗaya yau. Kowace na ƙirga layukanta kafin in rufe.